Bakteriyar ƙasa da malalar mai a ƙasashen ƙanƙara: tambayoyin da ake ta yi min

Tun ranar da na ce akwai bakteriyar da ke cin dizal a cikin ƙasa mai ƙanƙara tambayoyi suka yi ta shigowa, wasu daga ɗalibai masu neman abin rubutawa a aikinsu na shekarar ƙarshe, wasu kuma daga masu ganin zuƙi ta malle ce kawai nake yi. Toh ga su nan na haɗa waɗanda aka fi maimaitawa, wanda tasa ba ta fito ba ya yi haƙuri.

Malam wai da gaske bakteriya na cin mai? Ai mai guba ne.

Guba ne gare ni da kai, amma ga wasu ƙwayoyin abinci ne lafiyayye. Ɗanyen mai asalinsa ragowar ƙananan halittu ne da suka mutu tun miliyoyin shekaru, kabon ne da haidurojin a sarƙe, kuma tun kafin ɗan adam ya haƙa rijiyar mai ta farko yake tsattsafowa da kansa ta tsagar ƙasa da ƙarƙashin teku, don haka ƙwayoyin sun daɗe da sanin hanyar cinsa. Yadda abun yake, ƙwayar na da wani enzayim, wato sinadarin da jikinta ke yi don sarrafa abinci, da ke liƙa oksijin a bakin sarƙar man, daga nan sarƙar ta koma kamar kitse, sai ta riƙa gutsirar ta kabon biyu-biyu kamar dai yadda jikinka ke ƙona kitse in kana azumi. Abin da ke saura a ƙarshe iskar kabon dayoksaid ce da ruwa da ƙarin 'ya'yan bakteriya. Waɗanda aka fi samu a ƙasar sanyi su ne Rhodococcus da Pseudomonas da Sphingomonas da Arthrobacter. A ƙasa mai tsabta ba su da yawa, galibi ko ɗaya cikin ɗari ba su kai ba, amma mai na zuba sai su yi ta hayayyafa su mamaye wurin.

To sanyi kuma ina ruwansa a ciki?

Nan ne duk wahalar take. Ka tuna yadda man ja ke daskarewa a jarka da sanyin hunturu har sai an kai shi rana ko kusa da murhu kafin ya zuba? Haka ɗanyen mai da dizal ke yi, su yi kauri, kakin da ke cikinsu ya fara kamawa, maimakon man ya bazu ya yi siriri a jikin ƙwayar yashi inda bakteriya za ta iya kai masa baki sai ya dunƙule wuri ɗaya. Bakteriya kuwa a cikin ɗan ruwan da ke jikin ƙasa take zaune, gefen man kawai take iya ci, ba ta shiga tsakiyar dunƙule.

Sannan akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Sassan mai marasa nauyi, masu warin nan da ke hawa kai, su suka fi cutar da bakteriya don suna narkar mata da fata. A zafin rana irin namu kwana kaɗan sun tashi sun bi iska, amma a sanyi zama suke yi a ƙasa su daɗe, kenan ƙwayoyin sai sun yi ta fama da guba kafin su samu sukunin cin sauran.

Ita kanta ƙwayar jikinta mutuwa yake yi. Duk matar da ke kwana da nono ta san kindirmo baya kamawa da wuri lokacin ɗari, ƙullun waina ma sai an lulluɓe shi an kai ɗaki, abu ɗaya ne. Ƙiyasin da ake yi a kimiyya shi ne duk sanda zafi ya sauka da digiri 10 saurin aikin yakan ragu da kusan rabi, ka lissafa da kanka daga digiri 30 zuwa sifili. In ruwan ƙasar ya daskare gaba ɗaya kuma kusan komai ya tsaya. A Alaska da arewacin Kanada da Saiberiya ƙasan ƙasa a daskare yake shekara da shekaru, saman kawai ke narkewa na 'yan watanni da bazararsu, wannan ɗan lokacin shi ne duk damar da ake da ita a shekara.

Su da kansu ta ya suke rayuwa a wannan sanyin?

Allah Ya hore musu dabaru. Fatarsu na ɗauke da irin kitsen da baya saurin daskarewa, kamar bambancin man gyaɗa da man shanu, don haka abinci na iya shiga da fita. Enzayim ɗinsu kuma masu laushi ne suna lanƙwasa ko da sanyi, illarsu kawai da zafi ya ɗan yi yawa sai su lalace. Wasunsu na fitar da wani abu mai kama da sabulu da ke farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, Rhodococcus ta yi suna a wannan. Masana sun kasa su biyu, akwai 'yan asalin sanyi waɗanda sun fi jin daɗi a digiri 15 ko ƙasa kuma in ya wuce 20 sun shiga uku, akwai kuma masu jure sanyi kawai, suna aiki a kusa da sifili amma da za a tambaye su sun fi son digiri 20 da wani abu. Yawancin masu cin mai a ƙasa 'yan rukuni na biyun ne, shi ya sa ɗan ɗumama ƙasar ke taimakawa sosai.

An taɓa gwadawa a fili ko duk surutun ɗakin gwaji ne?

An gwada, kuma babban misalin da kowa ke kawowa shi ne na jirgin dakon mai Exxon Valdez. Ranar 24 ga Maris 1989 da tsakar dare jirgin ya hau dutsen ƙarƙashin ruwa na Bligh Reef a mashigin Prince William da ke Alaska, ɗanyen mai wajen galan miliyan 11 ya tsiyaye, ya shafi gaɓar teku kusan kilomita 2,000. Da farko abin da aka yi shi ne wanke duwatsu da ruwan zafi mai ƙarfi, duwatsun sun yi fes a hoto amma ruwan zafin ya dafa ƙananan halittun da ke gaɓar, a wasu wuraren ma ya ƙara cusa man cikin tsakuwa.

Sai hukumar kare muhalli ta Amurka tare da masanan kamfanin Exxon suka duba suka ga ai bakteriyar cin mai tana nan birjik a gaɓar, abin da ta rasa naitirojin ne da fosfaros. Sai aka gwada taki iri biyu. Ɗaya sunansa Inipol EAP22, na kamfanin Elf na Faransa, ruwa-ruwa ne mai maiƙo da aka haɗa shi don ya manne wa man kar igiyar ruwa ta wanke shi. Ɗayan Customblen, 'ya'yan taki ne masu narkewa sannu a hankali. Cikin sati biyu zuwa uku wurin da aka fesa Inipol ya yi haske har ana hango shi daga jirgin sama kamar an buɗe farar taga a jikin baƙar gaɓa, wannan hoton shi ya sa aka amince aka faɗaɗa aikin zuwa sama da kilomita 100 na gaɓa a shekarar kaɗai. Binciken da ya biyo baya ya ƙiyasta takin ya ninka saurin cin man sau uku zuwa biyar a inda aka zuba isasshe.

Amma kar a yi saurin tafi. Inipol na da wani sinadari a ciki da ya jawo ƙorafi kan lafiyar ma'aikatan da suka fesa shi, kuma fiye da shekara ashirin bayan haɗarin in ka tona rami a wasu gaɓoɓin za ka ga mai na taruwa a ciki yana wari kamar jiya ya zuba. Dalili, a can ƙarƙashin tsakuwa ba iska ba taki ga sanyi, ƙwayoyin suna nan amma hannunsu a ɗaure.

Wane irin taki ne haka, irin na gona?

Kusan shi ne, yuriya ko NPK ko makamancinsu. Mai kabon ne zalla, kamar a ajiye maka tuwo malmala goma ba miya, za ka ci kaɗan ka tsaya. Ƙwayar na buƙatar naitirojin da fosfaros ta gina jikinta. Lissafin da aka saba farawa da shi, kabon 100, naitirojin 10, fosfaros 1.

Sai dai a ƙasar sanyi in ka bi wannan lissafin ido rufe za ka yi ɓarna. Ƙasar Antatika, nahiyar ƙanƙara ta can ƙarshen kudancin duniya, da ta wasu sassan Aktik na can ƙarshen arewa yashi ne da tsakuwa, bata riƙe ruwa, ɗan ruwan da ke ciki ma rabinsa ƙanƙara ne, to in ka jibga taki sai ya narke a ɗan ruwan nan ya zama kamar ruwan gishiri ya tsotse ƙwayoyin su bushe. Duk manomin da ya taɓa zuba yuriya a gindin masara ba a yi ruwa ba ya san abin da nake faɗa. Shi ya sa kaɗan-kaɗan ake sawa a can, kuma da yawan ruwan ƙasar ake auna shi.

Me zai hana a haɗo bakteriya mai ƙarfi a ɗakin gwaji a kawo a zuba kawai?

Wannan tambayar kusan kowa sai ya yi ta, kuma ba yau aka fara tunanin ba. Wani masani ɗan asalin Indiya, Ananda Chakrabarty, lokacin yana aiki da kamfanin General Electric a Amurka ya haɗa wata Pseudomonas da ke iya cin sassan mai iri-iri, maganar mallakar ta har kotun ƙolin Amurka, a 1980 aka yanke hukunci cewa yana iya yi mata rajista a matsayin ƙirƙirarsa. Shari'ar ta yi suna sosai, amma ita ƙwayar ba a taɓa sakin ta a kan wata malalar mai ba.

Ni dai a nawa ganin Hausawa sun gama magana da suka ce baƙo raɓa ɗan gari kaba. Ƙwayar da ta tashi a kwalba ana ba ta abinci a kan lokaci a ɗumi mai daɗi, ka ɗauke ta ka jefa a ƙasar da ke daskarewa da dare ta narke da rana, ga 'yan gari da suka saba, kwana nawa za ta yi? Gwaje-gwaje da yawa a ƙasar sanyi sun nuna ƙarin baƙuwar bakteriya baya yin abin da taki da iska ba su yi ba, in ma ya yi to a farko-farko ne. Wata masaniya a jami'ar Innsbruck ta Ostiriya, Rosa Margesin, ta daɗe tana aiki a kan ƙasar tsaunukan Alps da dizal ya ɓata, har da wani wurin wasan zamiyar ƙanƙara mai tsayin kusan mita 3,000, kuma abin da ayyukanta suka fi nunawa shi ne 'yan garin ne ke yin aikin in aka ba su taki. Inda nake ganin dabarar ƙari ke da ma'ana shi ne a ɗebi ƙwayoyin wurin da kansu, a raine su su yi yawa, a mayar da su. A Antatika ma ba zaɓi, yarjejeniyar Madrid ta 1991 ta hana shigo da baƙin halittu nahiyar sai da izini na musamman. Don haka duk wanda ya zo maka da jarka yana cewa maganin malalar mai ne daga waje, ka fara tambayarsa a wace ƙasa aka gwada kuma da me aka kwatanta.

Antatika kuma? Wa ya kai mai can?

Tashoshin bincike mana, da dizal suke wuta da ɗumama ɗakuna da tuƙa motoci, tanki na yoyo, bututu na fashewa. A Janairun 1989 ma jirgin ruwan Ajantina Bahia Paraiso ya nutse kusa da tashar Palmer ta Amurka ya zubar da dizal wajen lita 600,000. A tashar Casey ta Ostireliya an samu malalar dizal a 1999 kusa da gidan janareta, kuma a can ne wajen 2011 aka gina tulin ƙasa na magani, abin da za ka iya kira jujin bakteriya.

Ga yadda ake yi. A gyara fili a yi masa gefe kamar kwami, a shimfiɗa leda mai kauri hawa-hawa don kar ruwan mai ya zurara ƙasa, a jera bututai masu huji, sai a tono gurɓatacciyar ƙasar da katafila a cakuɗa ta da ɗan taki a jibge a kai. A lulluɓe da baƙin mayafi na musamman, yana hana iska kwashe ƙura kuma yana kama zafin rana. Injin na zuƙo iska ta bututan don oksijin ya ratsa tulin, ruwan da ya tsatso ƙasa a tara shi a tace a sake yayyafawa. Lokaci-lokaci a buɗe a juya da katafila kamar yadda ake juya takin gargajiya. Da hunturu ya shigo komai ya daskare sai a bar shi, ƙwayoyin ba mutuwa suke ba kwanciya suke, bazara na dawowa su tashi su ɗora daga inda suka tsaya. Ƙasar da ta warke sun sake amfani da ita a cikin tashar, wanda ya fi musu sauƙi nesa ba kusa ba a kan loda ta a jirgin ruwa zuwa Ostireliya.

A wasu wuraren na Alaska da Kanada har ɗumama tulin ake yi da iska mai zafi ko wayar lantarki, amma sai an yi hattara, in zafin ya ratsa can ƙasa ya narkar da daskararriyar ƙasar da ke riƙe da gine-ginen wurin to an gudu ba a tsira ba.

Shekara nawa ake ɗauka?

Dizal a tuli mai iska da taki, bazara biyu zuwa biyar ba abin mamaki ba ne. In an bar shi haka nan ba a taɓa ba, shekaru gommai. Farko abun na sauri don sassa masu sauƙi ake ci, daga baya sai ya yi ta jan ƙafa.

Akwai abin da ya fi ƙarfinsu?

Sosai ma. Sassan mai masu nauyi irin na kwalta da ƙyar suke taɓuwa ko a zafi balle a sanyi. Baƙin man inji kuma na ɗauke da ƙarafa irin su dalma da zink, su ba abinci ba ne, ba ƙwayar da za ta mayar da dalma iska, ko an cinye man suna nan a ƙasar. Haka in man ya yi yawa har ya kwanta kamar tafki dole a fara kwashewa da famfo da shebur. Ka duba Norilsk a arewacin Rasha, ƙarshen Mayun 2020 tankin wata tashar lantarki ta kamfanin Nornickel ya rufta dizal wajen tan 21,000 ya fita, mafi yawa ya bi kogi har ruwan ya koma ja. Ba wanda ya tsaya jiran bakteriya a ranar, shinge aka sa a ruwa aka yi ta zuƙa ana tone ƙasa. Aikin ƙwayoyin na zuwa ne a kan ragowar da hannu ba zai iya tsincewa ba.

Ta ya ake gane bakteriya ce ta cinye ba iska ce ta kwashe ba?

Ɗalibai ku buɗe kunne a nan don shi ne inda ake kama ku ranar kare aiki. Raguwar mai kaɗai ba hujja ba ce. Dole ka ajiye wani kaso na ƙasar da ka kashe ƙwayoyin cikinsa, komai iri ɗaya da sauran, duk abin da ya ragu a cikinsa iska ce ta ɗauka, sai ka cire shi daga lissafi. Ana kuma auna kabon dayoksaid da ke fitowa, shi ne numfashinsu. A Alaska wani sinadari na cikin ɗanyen man aka yi amfani da shi, hofen, wanda bakteriya kusan bata taɓa shi, sai a riƙa auna sauran sassan a kansa, in suna raguwa shi yana nan to ci ake yi ba wankewa ba.

Ni kaina na sha wannan kashin. Lokacin ina ɗalibi na ɗebo ƙasa daga garejin wani bakanike, baƙa ƙirin tana naso har tana manne wa cokali, na raba ta a kwalabe na sa rabi a firij wai ina kwaikwayon ƙasar sanyi. Sati shida ina ta murna sakamakon firij ya kusa kamo na waje, ashe duk dare ana ɗauke wuta firij ɗin na komawa akwati kawai, ban taɓa sa ma'aunin zafi a ciki ba. Malamina ya kalli takardar ya ce ɗana wannan Antatikar taka da zafi take. Sai da na sake daga farko.

Mu da ba mu da ƙanƙara, meye namu a ciki?

Sanyin Jos ko na Mambila bai kai ya tsayar da aikin ba, ya dai rage masa gudu. Matsalarmu a Arewa bushewa ce, da rani ƙasar gareji ƙeƙasasshiya ce kuma bakteriya bata aiki ba danshi. Amma tushen ɗaya ne da na Alaska, ƙwayoyin na nan, a ba su iska da ɗan taki da danshi. A ƙasar Ogoni an daɗe ana amfani da hanyar kaftu da juya ƙasa a bar ƙwayoyin su ci, sai rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce hanyar bata wadatar ba don man ya nutse ya wuce mita 5 a wasu wuraren alhali saman kawai ake juyawa, ya kuma ce gyaran yankin na iya cin shekara 25 zuwa 30. Matsala ɗaya kenan da ta ƙarƙashin tsakuwar Prince William, inda iska bata kai ba.

Bayan shagona baƙin mai ya jiƙe ƙasa, in gwada?

In ɗan wuri ne gwada, yallaɓai. Fara da daina zubarwa, ka tara baƙin man a durom akwai masu saye. Kafce wurin da fartanya kamar zurfin taƙi ɗaya ko biyu, ka gauraya da busasshen kashin kaji ko na shanu da ɗan buntun shinkafa ko dusar katako don ƙasar ta saki iska ta shiga, yayyafa ruwa ta yi danshi yadda in ka dunƙula a hannu zata kama amma ruwa ba zai ɗiga ba, ka riƙa juyawa duk sati ko sati biyu. Da damina ka yi masa gefe ko ka rufe da leda kar ruwa ya kwashe ya kai kwata. Sa safar hannu, kuma in akwai rijiya kusa ko man ya yi zurfi to wannan ya wuce aikin fartanya, nemi ma'aikatan muhalli. Bayan wasu watanni za ka ga baƙin ya fara komawa ruwan ƙasa warin ya ragu har ciyawa ta fara leƙowa, amma ko ta yi kore shar kar ka shuka alayyafo ko tumatir a wurin, kar ka ɗaure akuya, dalmar nan tana ciki.